Kunkurun Gida: A Mayar da Shi Daji Ko a Riƙe Shi?

Masu sauraronmu na Tanut da Balbeji, da na Gangara, Olelewa, Falanko da Tanhiya, da ƴan uwa makiyaya da ke jin mu a ruga ko a bakin rijiya, barkanmu da warhaka. Shirinmu na yau a kan kunkuru ne. Ba kififfiyar da ke fitowa a tabki da damina ba, a'a, babban kunkurun tudu da ke haƙa rami, wanda ake ajiyewa a tsakar gida a garuruwanmu.

Gidaje da dama a nan Damargu suna da shi. Wani gadonsa ya yi, wani saye ya yi a hannun mai wucewa, wani kuma yaronsa ne ya tsinto shi a wurin kiwo yana ɗan mitsitsi. Ana nan ana nan sai ranar rabuwa ta zo. Ko dai ya girma ya fara haƙa ƙarƙashin katanga har ta tsage, ko mai gida zai tashi, ko kuma zuciyarsa ce ta motsa, ya dubi dabbar ya ce: "Wannan bawan Allah ya daɗe a tsare. Bari in sa shi a amalanke in kai shi daji, ya je ya sha iska, ni kuma in sami lada." Niyya ce mai kyau, kuma ina girmama duk wanda ta zo masa. Amma amsar da zan ba shi tun daga farko ita ce: idan kunkurun ya shekara a hannunka, kada ka kai shi daji da kanka. Idan kuwa yau ko jiya aka tsinto shi, a mayar da shi inda aka ɗauko shi tun rana ba ta faɗi ba. Ku biyo ni ku ji dalili.

Wannan kunkuru namu, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, shi ne na uku a girma a duk duniya. Na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra kaɗai suka fi shi, su kuwa a tsakiyar teku suke. A kan doron babbar ƙasa babu kamarsa. Babban namiji yakan haura kilo 50, an ma sami wanda ya kai 100, kuma yakan rayu shekara 70 ko fiye. Mazauninsa shi ne wannan ɗamarar Sahel, daga Sanagal da Muritaniya har Sudan da Habasha. A shekarar 2021 ƙungiyar IUCN, mai tattara sunayen halittun da ke raguwa a duniya, ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana a kamo shi daga daji a fitar da shi ƙetare don ciniki. A nan Nijar kuma, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kiyaye namun daji, ta sa shi cikin dabbobin da aka ba cikakkiyar kariya. Abin takaici shi ne, masana na ganin waɗanda ke tsare a hannun mutane a faɗin duniya sun fi waɗanda suka rage a daji yawa.

To, yaya yake rayuwa a dajin da muke son mayar da shi? Duk rayuwarsa a kan rami take. Yadda makiyayi ba ya nisa da rijiya, haka kunkuru ba ya nisa da raminsa. Da ƙafafunsa na gaba masu kaurin ɓawo yake tona yashi, yana watso shi baya, har ya yi rami mai tsawon mita da yawa, ya gangara inda ƙasa ke da sanyi da ɗan laima. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke ƙuna a Damargu har mutum ba ya iya taka yashi ba takalmi, shi yana can ƙasa a kwance, bai motsi sai kaɗan. Ruwan da ya sha da damina yana ajiye da shi a mafitsararsa, jikinsa na ja a hankali har ruwan sama ya dawo. In ciyawa ta fito sai ya shiga ci da safe da yamma: ɗanyar karangiya, burburwa, gude-gude, tsaida, guna in ya samu. Yakan gwaguyi tsohon ƙashi don ƙarfin ƙoƙon bayansa. Irin ciyawar da ya haɗiye kuma yana fita cikin kashinsa ya tsiro a wani wuri. Ramin da ya bari ba ya zama a banza. Yanyawa da damo da bushiya duk suna fakewa a ciki.

Bayan damina suke barbara. Macen ta tona ƙasa ta zuba ƙwai 15 zuwa 30, ta rufe ta yi tafiyarta. Ba ta kwanci, ba ta reno. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe, dila da damo da hankaka da shaho ne ke cinye mafi yawansu, wanda ya tsira kuma sai ya shekara goma ko fiye kafin ya isa haihuwa. Shi ya sa duk babbar mace guda da aka ɗauke daga daji, giɓin da ta bari ba ya cikewa da wuri.

Yanzu mu dubi na gida. Na shiga wani gida a cikin gari inda na tarar da kunkuru ɗaure a gindin bedi. An huda gefen ƙoƙon bayansa ta wajen wutsiya, an zura waya, an ɗaura igiya. Ya zagaya bishiyar har ya share ƙasa ta yi sumul iyakar inda igiyar ta kai. A gabansa tsohon kwano da ragowar tuwo da miya. Ƙoƙon bayansa, maimakon ya kwanta lafiya, kowane gida ya tashi ya yi tulluwa, idanunsa na ruwa, hancinsa na fitar da ƴan kumfa in ya yi numfashi. Mutanen gidan ba mugaye ba ne, suna ƙaunarsa, har suna yaran suka raɗa masa. Ba su san cewa ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai ba, da jini da jijiya a ciki, huda shi ciwo ne. Ba su san tulluwar nan alamar abinci ne da zaman da bai dace da shi ba. Kuma ba su san kumfar hancin nan ita ce babban abin tsoro ba.

Na san akwai masu ajiye shi saboda an ce yana kare gida daga sammu da baki, ko yana jawo tsawon rai. Wannan fage ne na malamanmu, sun kuma sha faɗa mana cewa tsari na Allah ne. Abin da ya shafi shirinmu shi ne halin da dabbar ke ciki.

Ɗauki wannan kunkuru ka sauke shi a wani fili arewa da Tanut, ka juya ka tafi. Me zai faru? Bai san wurin ba. Ba shi da rami a nan, kuma in a kan daɓe ko siminti ya girma, faratansa sun lalace, ƙafafunsa ba su saba tona mai zurfi ba. Kunkurun da aka ajiye a baƙon wuri ba ya zama, tafiya yake kamawa yana neman inda ya sani. In bazara ce, rana ɗaya a fili ba inuwa ta isa ta kashe shi. In ya tsira daga rana, ga shi ya saba da mutane, ba ya tsoronsu. Da ya ji ƙamshin hayaƙi da motsin jama'a sai ya nufi ruga ko gona. Can kuma ko a sake kama shi a kai kasuwa, ko manomi ya same shi cikin wake ya huce haushinsa a kansa, ko karnuka su far masa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Wannan hasarar kunkuru ɗaya ce. Akwai wadda ta fi ta, kuma ita nake so mu tsaya a kai.

Kunkurun gida yana zaune cikin kaji da agwagi da awaki, yana cin abin da ke ƙasa, wani lokaci an haɗa shi da wani kunkuru da aka kawo daga wata ƙasa. Yana iya ɗauke da tsutsar ciki, da kaska, da ƙwayoyin cutar numfashi. Mafi wuya a ciki, yana iya ɗauke da cutar ba tare da ta nuna a jikinsa ba: yana ci, yana yawo, ido garau, amma yana yaɗawa. Kunkurayen daji kuwa suna haɗuwa hanci da hanci wajen faɗa da barbara, suna shiga ramin juna. Ɗaya mai ciwo ya isa.

Ba zato ba ne, an gani. A Amurka, a hamadar Mohabi ta jihar Kalifoniya, akwai wani jinsin kunkurun tudu mai haƙa rami kamar namu, sai dai bai kai shi girma ba. Mutanen birane sun daɗe suna ɗaukarsa suna ajiyewa a gida, in sun gaji su mayar da shi hamada, da irin niyyar da muka ambata. A ƙarshen shekarun 1980 sai aka fara tarar da na daji da majina da kumburin ido, suna ramewa suna mutuwa, har a cikin gandun da aka keɓe musamman don kiyaye su. Cikin ƴan shekaru mafi yawan manyan kunkurayen wannan gandu suka ƙare. Bincike ya gano wata ƙwayar cuta mai kama hanci da maƙogwaro, masana kuma na kyautata zaton waɗanda aka saki daga gidaje suna da hannu wajen yaɗa ta. A 1989 gwamnatin ƙasar ta ba kunkurun kariyar gaggawa, a 1990 ta tabbatar da ita. Yau a can laifi ne mutum ya saki kunkurun gida a hamada. Su da ke da likitoci da kuɗi ba su iya tsayar da cutar ba bayan ta shiga daji. Mu da namu suka rage ɗaiɗai, in irin wannan ta faɗa musu, wa zai ma sani kafin a wayi gari ramuka sun zama kufai?

Akwai kuma batun asali. Kunkurun da aka saya a tasha, mai sayarwa ma sau da yawa bai san inda aka kamo shi ba. Yana iya zama na Mali, ko na Chadi, ko na Sudan. Masu aikin mayar da dabbobi daji sun fi son a saki ɗan yanki a yankinsa, don kowane ya gaji jure irin ruwa da zafin ƙasarsa.

Wani zai ce: "To malam, hadisin mage fa?" Gaskiya ne, ya zo a Buhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda magen da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abinci da kanta ba. Wannan hadisi shi ke tayar da hankalin masu imani da yawa a kan dabbar da suka tsare, kuma ya kamata ya tayar. Amma a fahimtata, laifin matar shi ne barin dabbar ta hallaka. Wanda ya kai kunkuru inda ba zai iya ciyar da kansa ba, ya bar shi ga rana da ƙishirwa, bai sauke nauyin ba, ya dai kawar da idonsa ne daga ganin ƙarshen.

Kada a ɗauka ina cewa kunkurun gida ba zai taɓa komawa daji ba. Yana komawa, an kuma yi an ga nasara. A Sanagal, a ƙauyen Nofilay kusa da Dakar, akwai wurin da ake kira Ƙauyen Kunkuraye, wanda aka buɗe a 2001, kuma ɗan ƙasar Tomas Diagne na cikin waɗanda suka kafa shi. Can ake karɓar waɗanda aka ƙwace ko mutane suka kawo da kansu. A 2006, tare da ƙungiyar SOPTOM ta Faransa, aka saki guda 24 a dajin Farlo da ke arewacin ƙasar. Kafin nan an keɓe su, an duba lafiyarsu, an raba su da abincin gida har suka saba da ciyawa. An manna musu ƴan na'urori a baya don a riƙa bin sawunsu, an kuma yi aikin tare da mutanen ƙauyukan wurin, waɗanda Fulani makiyaya ne irin namu. Bayan shekara huɗu kusan kashi 80 cikin 100 na nan da rai, sun haƙa ramukansu, sun hayayyafa. Haka a Disamba 2022 aka ɗauko ƙanana 46 a jirgin sama daga Monako zuwa Sanagal, zuriyar waɗanda shugaban Mali na lokacin, Amadu Tumani Ture, ya ba yariman Monako kyauta. Su ma ba a zarce da su daji ba, sai da aka killace su watanni.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Nuwamba 2018 an kwaso raƙuman dawa 8 daga yankin Kure kusa da Yamai, aka yi tafiyar kilomita kusan 800 da su zuwa gandun Gadabeji a gundumar Bermo, maƙwabciyarmu ta yamma, inda rabon da a ga raƙumin dawa an kusa shekara 50. Sai da aka riƙe su makonni a shinge suka natsu kafin a ɗora su a mota. A Kelle ta gundumar Gure kuma ana kiwon jimina a killace da burin mayar da ita daji. Ku tuna, a ƙarshen ƙarni na 19 gashin jiminar Damargu ayari ke ɗauka daga Jajiduna har Tarabulus. Yau ɗan Damargu in yana son ganin jimina sai ya je inda aka tsare ta. Ba na son jikokinmu su ji labarin kunkuru haka.

Kuma ko da lafiyayye ne, sai an tambaya: wane dajin? Gonaki sun haura iyakar noma da dokar 1961 ta shata, fari irin na 1973 da 1984 ya kashe itatuwa da yawa, rijiyoyi sun ƙaru, dabbobi na zama a wuri guda duk shekara. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna kunkuru ya fi samuwa a gefen ƙoramu masu ƙafewa, inda akwai ƴan itatuwa da yashi mai riƙe rami, yana kuma ƙaranci inda shanu suka yi yawa. Ba laifin makiyayi ba ne, kowa abinci yake nema, amma ma'anarsa ita ce ba kowane fili ne zai riƙe kunkuru ba. Ga kuma gobarar daji bayan damina, wadda ke cinye ciyawar dabbobinmu, ta kuma ritsa da mai tafiyar da ba ta da sauri. Zaɓen wuri aikin wanda ya san inda sauran suke ne, kamar masu kula da Gadabeji ko gandun Tarmit da Tintuma da aka kafa a 2012 a gabas da mu.

To me mai kunkuru zai yi? Ya je ofishin ma'aikatan gandun daji na gundumarsa, a Tanut ko Balbeji, ya faɗa musu gaskiya: inda aka samo shi, shekarunsa a gida, abin da yake ci, da dabbobin da yake cuɗanya da su. Na san abin da ke hana mutane zuwa, tsoron tara ne. A nan ina roƙon jami'anmu: wanda ya kawo kansa a karɓe shi da fuska, a bambanta shi da mai fatauci. In aka tsorata na farko, na biyu cikin dare zai kai nasa daji. Ina kuma kira ga hukumomin jahar Damagaram da magadan gari su keɓe wani fili mai shinge a nan Damargu, inda za a riƙa karɓa, likitan dabbobi ya duba, a ware masu ciwo, a horar da masu lafiya.

Kafin wannan ya samu, wanda kunkuru ke hannunsa amana ce a wuyansa. A kwance igiyar, a cire wayar. A ware masa kusurwa mai yashi nesa da katanga da masai, inda zai tona raminsa, da inuwa a kai. Ramin ne zai kare shi daga zafin bazara da sanyin hunturu. A daina ba shi tuwo da miya da nama. Ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya, da ganye irin su yaɗiya. A sa masa ruwa a faffaɗan kasko marar zurfi. A raba shi da kaji. Maza biyu kada a haɗa su, don suna karo da ƙirji har ɗaya ya kifar da ɗaya, wanda ya kife a rana kuwa in ba a gani ba mutuwa zai yi. Yara su daina hawansa, su kuma wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi, saboda kashinsa na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa zawo da zazzaɓi. Wanda ke da mace da namiji har suka ƙyanƙyashe, kada ya raba ƴaƴan kyauta, kada ya sayar. Ya sanar da ma'aikatan.

Sabon tsintuwa kuwa hukuncinsa daban. Yaro ya dawo daga kiwo da ɗan kunkuru a aljihu yana cewa ya ɓace wa uwarsa: a gaya masa ba shi da uwar da ke nemansa, haka Allah ya yi shi, a sa shi ya mayar da shi gindin itacen da ya ɗauko shi, kafin ya haɗu da dabbobin gida. Direbobinmu na hanyar Damagaram zuwa Agadas, in kun ga babba yana ƙetare kwalta, ku rage gudu. In za ku taimaka, ku ɗaga shi ƙasa-ƙasa a daidaice, ku ajiye shi a ɓangaren da ya nufa. Kada a juya shi, kada a girgiza shi, don in ya firgita yakan saki fitsari, ruwan nan kuwa shi ne guzurinsa na rani. Kuma in aka tallata muku shi a kasuwa ko a tasha, kada tausayi ya sa ku saya don ku ƴanta shi. Kuɗin da kuka bayar shi zai tura mai kamun ya koma daji ya tono wani.

Ƴan uwa makiyaya, ku kuka fi kowa sanin inda ramukan suke. In baƙo ya zo yana tambaya da kuɗi a hannu, ba dole ne ku nuna masa ba. In kuma kun ga kunkuru da majina, ko kun tarar da ƙoƙuna biyu uku a wuri guda, ku kira ma'aikatan gandun daji a salula ku faɗi wurin.

Idan an duba kunkurunka an ce ya cancanci komawa, lokacinsa shi ne farkon damina, wajen watan Yuli, bayan ciyawa ta fito ƙasa ta yi taushi, kuma a fara riƙe shi cikin shinge a wurin har ya tona rami kafin a buɗe masa.

A nan za mu dakata.